Sun laƙaba min Mai Tono, kuma wanda ya cuce ni shi ne alƙali

Salam Yaya, dan Allah shawara nake nema kuma a sakaya sunana. Mu bakwai ne abokai, duk ƙarshen mako muna haɗuwa mu buga gem ɗin ƙwallo, mun fi shekara biyar a haka. Tun farko musu ya yi mana yawa, sai muka kafa wata doka ta wasa, duk wanda ya tono maganar da ta wuce wata ɗaya, tsohon ci ne ko tsohuwar rigima, za a zaunar da kotu a yanke masa hukunci. Hukuncin na dariya ne, ko a ba ka kulob mai rabin tauraro, wato mafi rauni a gem ɗin, ka buga da shi ranar gaba ɗaya, ko a miƙa maka hannun gem ɗin nan da maɓallinsa ɗaya ke maƙalewa, ko ka miƙe tsaye ka yi ta yabon wanda ya ci ka har minti ɗaya, sannan sunanka ya koma Mai Tono har mako ya zagayo. Ni ma na sha yi wa wasu dariya, ba zan ɓoye ba. To tun zamanin FIFA 23 muka buga fainal ni da wani a cikinmu, muna 2 da 2, minti na 88 na tsallake kowa saura ni da gola kawai sai ya danna fos ya tsayar da wasan, wai hannunsa ne ya zame. Da aka dawo na buga ta fita waje, aka je fanareti ya cinye ni ya ɗauki kofi. Har yau bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Kuma shi ne alƙalin kotun tamu tunda ya fi kowa iya barkwanci. Sau biyar ina tayar da maganar sau biyar yana yanke min hukunci kowa na dariya. Yanzu sunan ya ƙi fita, ba mako ba, wata da watanni, har a waje suna kirana da shi, kwanan nan a gaban wadda zan aura ɗaya ya kira ni Mai Tono, ta tambayi dalili suka kwashe labarin suka ba ta ana ta dariya. Na fara jin nauyin zuwa. Shin ni ne mai ƙaramar zuciya da ban san wasa ba, ko in bar su kawai?

Wa alaikas salam ƙanina. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma tun kafin mu je ko'ina bari in cire maka wannan tunanin, kai ba mai ƙaramar zuciya ba ne. Mutumin da bai san wasa ba ba zai shekara biyar cikin irin wannan zaman ba, ba zai karɓi hukunci sau biyar ya miƙe ya yabi wanda ya ci shi ba. Ka san wasa sarai. Abin da ke damunka shi ne akwai wani abu da ba wasa ba da aka cusa cikin wasan, kuma duk lokacin da ka nuna shi sai a ce maka ai wasa ne.

Maganar fos ɗin nan, gaskiya tana gefenka. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem ya san abin da ke faruwa in aka tsayar da mutum yana shi da gola, yatsanka ya riga ya auna ƙarfin bugun, idonka ya riga ya zaɓi kusurwa, to da zarar allo ya tsaya an kashe wannan duka, in aka dawo kamar wanda aka tasa daga barci ne aka ce buga. Su kansu masu ƙera gem ɗin sun san da haka, shi ya sa in kana buga shi da wani ta intanet ka danna fos ba ya tsayawa nan take, sai ya jira ƙwallo ta fita ko an busa, sannan ya ba ka. Ba don komai suka yi haka ba sai don sun san mutane za su riƙa tsayar da abokan karawarsu a daidai lokacin hari. Ku da kuke zaune a gaban allo ɗaya ba ku da wannan kariyar, amana ce kawai tsakaninku. To ko da gangan ya yi ko hannun nasa ne ya zame da gaske, abin da ya kamata a ranar shi ne ya ce yi haƙuri, a sake ba ka damar ko a sake wasan. Bai yi ba. Wannan ka riƙe shi a ranka cewa ba mafarki kake ba, an taɓa ka.

Amma ƙanina zan faɗa maka wadda ba lallai ta yi maka daɗi ba. Ba kofin kake nema ba. Kofin gem na shekarun baya, gem ɗin ma kansa ya canja suna tun 2023 ya koma EA Sports FC, ko yau aka ce ga kofin nan an ba ka ba zai sanyaya maka rai ba. Abin da kake nema jumla ɗaya ce daga bakin abokinka, cewa eh abin da ya faru ranar bai dace ba. Kuma ka je neman wannan jumlar sau biyar a wurin da ba za ta taɓa fitowa ba. Ka duba fa, mutum bakwai a zaune, ana tsakiyar nishaɗi, shi kuma an san shi da cewa shi ne mai sa kowa dariya, sai ka ɗago maganar da in ya amsa ta zai zama wanda ya ci kofi da maguɗi a gaban kowa. Mutane ƙalilan ne za su iya amsa laifi a irin wannan yanayin, yawanci abin da ya fi sauƙi za su kama, shi kuma ga doka a hannunsa da ta ba shi dama ya mayar da maganar abin dariya ya wuce. Kowane karo da ka tayar, kai kana jin kana neman adalci, sauran biyar ɗin kuma abin da suke gani shi ne ga shi nan ya sake, a zaunar da kotu. Kai da kanka kake ƙara wa sunan ƙarfi ba tare da ka sani ba, garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.

Kuma kar ka tsani dokar taku, wallahi doka ce mai kyau, ni ina ganin hikima a cikinta. Duk inda mutane ke gasa da juna kullum, ko da ta wasa ce, ƙananan ɓacin rai suna taruwa, wane ya yi murnar ci fiye da kima, wane ya ɓata lokaci yana juya ƙwallo a baya, wane ya ce sa'a ce kawai. In ba a samu hanyar zubar da su ba sai su cika tulu. Hukuncin wasa hanya ce ta cewa mun ga abin da ka yi, ba mu ji daɗi ba, amma ba mu ɗauke shi da zafi ba, biya da dariya mu wuce. Manyan 'yan wasa ma suna yi. A Amurka, ƙarshen shekarun 1960, kulob ɗin besbol na Baltimore Orioles yana da irin wannan kotun a ɗakin canja kaya, babban ɗan wasansu Frank Robinson shi ne alƙali, yana ɗora kan tsumman goge ƙasa a kansa a matsayin gashin alƙalai, ana gurfanar da mutum saboda wata wauta da ya yi a fili, a ci shi tarar dala 1. Abin da na fi so ka lura da shi a labarin nan shi ne, kotun ba ta zama sai ranar da suka ci wasa. Ranar da aka doke su babu kotu. Saboda sun gane cewa zolayar da za ta ba mutum dariya ranar da zuciyarsa ke sake, ita ce dai za ta zame masa wuƙa ranar da yake cikin takaici. Tarar kuma 'yar ƙarama ce da ba za ta yi wa kowa ciwo ba, ka biya an rufe fayil. A 1969 wannan kulob ɗin ya ci wasa 109 a kaka ɗaya, ba ina cewa kotun ce ta ci musu ba, amma ka ga ba mutanen banza ba ne da ba su san abin da suke yi ba.

To yanzu ɗauki kotunku ka ajiye kusa da wannan ka gani. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Colorado, Peter McGraw da Caleb Warren, sun fitar da wani bayani a 2010 kan abin da ke sa mutum dariya, a taƙaice suka ce abu yana ba da dariya ne in ya haɗa fuska biyu a lokaci guda, ya zama an keta wani abu, kuma ya zama ketawar ba ta cutar ba. In babu ketawa abin lami ne ba dariya, in kuma akwai cutarwa ta gaske to ya tashi daga barkwanci ya koma cin fuska. Kulob mai rabin tauraro ketawa ce mara cutarwa, za a zura maka shida ka sha dariya ka tafi gida lafiya. Hannun gem mai maƙalewa ma haka. Amma wa ke da ikon cewa abu bai cutar ba? Wanda aka yi wa ne, ba masu dariya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mutum shida suna dariya na bakwai yana murmushin yaƙe, ƙuri'ar shidan nan ba ta mayar da abin wasa.

Na taɓa zama a irin wannan wurin na gani da idona, ana zolayar wani da wani tsohon kuskurensa, shi ma yana dariya, amma na kalli hannunsa sai na ga ya ajiye hannun gem ɗin a cinya yana ta murza igiyarsa da yatsa, dariyar tana bakinsa kawai ba ta kai ido ba, da aka ce layinsa ne ya ce a tsallake shi yana duba waya. Babu wanda ya lura saboda kowa na nishaɗi. Mako biyu bayan nan ya fara cewa aiki ya yi masa yawa. Mutanen wurin ba mugaye ba ne, suna son sa, kawai babu wanda ya kalli hannun. Ina jin naka abokan ma haka ne, shi ya sa ba na so ka yanke musu hukuncin cewa sun tsane ka.

Wurin da kotunku ta karkace a bayyane yake. Mafi girma shi ne wanda ake ƙara shi ne alƙali. Ko a wasan yara in aka ce kai ne mai laifi kuma kai ne mai yanke hukunci, yaran za su ce ba su yarda ba. Duk sauran shari'o'in da yake yankewa babu matsala, tunda ba shi da hannu a ciki, amma wannan guda ɗayar, duk lokacin da ya buga guduma ya ce Mai Tono, kansa yake karewa, ko ya sani ko bai sani ba. Dokar da kuka kafa don ta hana musu ta zama garkuwar mutum ɗaya. Sai kuma maganar wa'adi, ku da kanku kuka ce mako ɗaya, to me ya sa naka ya kai watanni? Hukuncin da ba shi da ranar ƙarewa ya daina zama hukunci ya zama tambari. Wanda ya fi ƙona min rai kuwa shi ne na gaban wadda za ka aura. Abin da aka yi a ɗakin gem na ɗakin gem ne, ku bakwai kuka san dokar, ku kuka amince da ita, kowa a cikinku ya taɓa shan hukunci ya san yadda take. Ita ba ta cikin wannan yarjejeniyar, abin da ta gani kawai shi ne abokan mijin da za ta aura sun taru suna ba da labarinsa a matsayin mai riƙo da mita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma kana da cikakken haƙƙi ka ce kar a sake.

Akwai wani abu kuma da dokarku ta rasa tun asali, ba ta da gargaɗi, daga magana sai hukunci. Ƙwallon gaske ma ta taɓa zama cikin irin wannan ruɗanin. A gasar cin kofin duniya ta 1966, wasan Ingila da Ajantina a Wembley, alƙalin wasa Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina Antonio Rattin, shi kuma ya tsaya a fili na tsawon mintuna ya ƙi fita yana neman bayani, ga bambancin yare, sannan Jack Charlton na Ingila sai daga baya ya ji a jarida cewa an yi masa gargaɗi a wasan. Ken Aston da ke kula da alƙalan wasa a gasar yana tuƙi a Landan ya tsaya a danja, daga nan tunanin ya zo masa, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja a tsaya. A gasar 1970 a Meziko aka fara amfani da katunan. Amfanin katin gargaɗi shi ne yana ba mutum dama ya ja birki da mutuncinsa kafin a kai ga kora. Da a ce kuna da irin wannan, wani ya ce kai yalo, maganar nan ta tsufa, da sau da yawa an wuce wurin ba tare da an zaunar da kotu ba. Kuma ya kamata katin ya yi aiki ta ɗaya gefen ma, wanda ake zolaya ya samu kalma ɗaya da in ya faɗe ta kowa ya san ya isa haka, ba tambaya ba musu.

Kar kuma wani ya sa ka yarda cewa duk tono laifi ne. A duniyar gem ɗin ma akwai tonon da ya yi amfani. Shekara da shekaru ana labarin cewa kamfanin Atari ya binne kaset-kaset ɗin gem da suka yi kwantai a wata bola a garin Alamogordo na jihar New Mexico a 1983, wasu na cewa ƙanzon kurege ne, har sai da aka kawo motar haƙa a watan Afrilun 2014 aka tona, sai ga su, aka ciro kusan 1,300, musun shekara 31 ya mutu a ranar. Bambancin wancan tonon da naka shi ne su sun je da shebur sun fito da abin da ba a gani ba a da. Kai kuma sau biyar kana tona rami ɗaya kana fito da abu ɗaya, minti na 88, fos, gola, kowa ya haddace. Babu sabon abu da za ka nuna wa taron, saboda abin da ya rage ba a wurin taron yake ba, yana cikin zuciyar mutum ɗaya.

Don haka ga abin da nake so ka yi, kuma dan Allah ka bi shi a jere kar ka fara da ƙarshe. Ka nemi abokin nan shi kaɗai, ba ranar gem ba, ba a ɗakin da kuke bugawa ba, kuma ba ta saƙo ba saboda rubutu ba ya ɗaukar murya, zai karanta da irin muryar da yake tsoro. Ku zauna ku biyu. Kar ka fara da ka cuce ni, kar ma ka shiga maganar da gangan ne ko ba da gangan ba, wannan ƙofar in ka buɗe ta ba za ku fito ba tunda babu mai iya shiga zuciyar wani ya auna niyya. Ka ce masa wani abu kamar haka, abokina akwai maganar da nake ta yi a cikin wasa amma gaskiya ba wasa ba ce a raina, ranar fainal ɗin nan abin ya yi min ciwo, ba kofin ba, yadda aka wuce kamar ba a yi komai ba, kuma duk lokacin da na tayar kai ne kake yanke min hukunci sai in ji kamar ba ni da inda zan kai kuka, ba so nake ka dawo da komai ba, so nake kawai ka san haka. Daga nan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya amma ka daure, kar ka cike shi da to shikenan ai ya wuce, bar shi ya yi magana.

Abin da na fi zato shi ne zai yi turus, don mai yiwuwa bai taɓa sanin abin ya kai haka ba, a tunaninsa wasan da kuka saba ne kai ka tayar shi ya yanke kowa ya yi dariya, kamar wani shiri da kuke maimaitawa. In ya ce wallahi ban san ka riƙe abin haka ba, yi haƙuri, to ka karɓa hannu biyu, kar ka ce sai ya maimaita a gaban jama'a, kar ka ce sai ya amsa cewa da gangan ya yi. Ka samu abin da ka fito nema. Kuma daga ranar alƙawari ya hau kanka, maganar ta mutu, ko da wasa ba za ta sake fitowa daga bakinka ba, ko wani ne ya tsokano ta ka ce mun rufe wannan. In kuma ya mayar da abin dariya a nan ma, ku biyu kaɗai babu 'yan kallo, to ka faɗa masa sau ɗaya cewa da gaske kake, in bai sauya ba ka tashi lafiya ba faɗa. Ka dai san matsayin da za ka ajiye shi, abokin gem ne, ba abokin da ake kai wa ciwon rai ba, kuma akwai irinsu da yawa a rayuwa ana zaune lafiya da su.

Wasu za su ce ku sake buga fainal ɗin a raba gardama. Ni ban hana ba in ku biyun kuna so don nishaɗi bayan kun daidaita, amma kar ka sa rai shi ne maganin. In ka ci za a ce ai ba gem ɗin da ba ne, 'yan wasan sun canja, in ya ci kuma ka ƙara wa kanka wani mikin a kan na da.

Bayan kun gama da shi sai taron. Nan kuma ba dogon jawabi ake so ba, kuma kar ka zo da fuskar shari'a. Ka zaɓi ranar da kowa ke cikin walwala, irin ranar da su Robinson ke zaunar da tasu kotun, ka ce kuna da gyaran doka da za ku kawo, in abokin naka ya yarda ma shi ya gabatar ya fi, tunda shi ake saurare. Wanda maganar ta shafa ba ya alƙalanci a kanta, ko ma kujerar ta riƙa zagayawa kowa ya ɗana, in alƙali ya san mako mai zuwa shi ma zai iya tsayawa a gaban wani to zai riƙa sassautawa da kansa. Suna yana faɗuwa in mako ya cika, wanda ya kira shi bayan wa'adi shi ne zai karɓi hannun gem mai maƙalewa. Abin ɗakin gem ba ya fita waje. Wanda ya kira ka a gaban wadda za ka aura kuma shi ma ka ja shi gefe, jumla biyu sun isa, a cikinmu ka kira ni duk abin da ka ga dama, amma a gabanta ko a gaban mutanen da ba sa cikinmu ban yarda ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, abokin kirki zai ji kunya ya ce ba zai sake ba.

Ita ma wadda za ka aura kar ka bar ta da labarin da suka ba ta kawai. Ka ba ta naka cikin natsuwa, ba don ta tsane su ba, don ta san cewa mijinta ba mai mita ba ne, mutum ne da aka taɓa kuma yake neman hanyar gyarawa da hankali. Za ta fi ganin girmanka a haka fiye da ka yi shiru tana ganin fuskarka na canjawa duk lokacin da aka ambaci sunayensu.

Kuma in wata rana ka sake tono wata tsohuwar magana ta daban, wani ofsayid na wata uku da suka wuce, aka yanke maka hukunci bisa ƙa'ida, to ka karɓa da fara'a, ka ɗauki kulob ɗinka mai rabin tauraro ka tsare gida da mutum biyar a baya ka nemi ci ɗaya ta kwana, ka sa su yi gumi. Wannan zai nuna musu cewa ba dokar kake yaƙa ba, kuma zai sa in ka ce wannan ya yi min ciwo su yarda da kai, tunda sun ga ba a komai kake faɗa ba.

Batun barinsu, amsata a yanzu ita ce a'a. Abota ta shekara biyar da mutum shida ba a zubar da ita kafin a gwada magana ta gaskiya ko sau ɗaya, kuma har yanzu ba ka gwada ba, abin da ka yi sau biyar a cikin raha ne da kowa zai iya cewa bai gane ba. In ka tafi yanzu shiru, labarin da zai rage shi ne Mai Tono ya yi fushi saboda gem, kai kuma ka tafi da ciwon bai warke ba. Amma in ka yi magana a fili, ka faɗi iyakarka, suka ji suka gane sannan suka ci gaba da kiran sunan a waje, ko suka mayar da ita kanta maganar da ka yi sabon abin zolaya, to a lokacin ka ja baya ba tare da jin ka yi laifi ba, ka rage zuwa, ka riƙe biyu ko ukun da suka nuna sun damu ku riƙa haɗuwa daban. Ka ba abin kamar wata ɗaya bayan maganar, don baki ya saba da sunan, wani zai suɓuce ya kira ba da niyya ba, abin dubawa shi ne in ya suɓuce yana gyarawa ko yana ƙarawa.

Wannan makon dai abu ɗaya ne a gabanka, ka kira abokin naka ka ce kana son ganinsa ku biyu kafin ranar gem ta zo. In kun zauna ka sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare, Allah ya daidaita tsakaninku.